Tukunyar Kawu

Kawu, yayan mahaifiyata, direba ne tun kafin a haife ni, kuma ko bayan ya ajiye aiki bai yarda a ce masa tsohon direba ba. Yakan ce tsufa na taya ne. Aikinsa na ƙuruciya shi ne ɗaukar masu haƙa rijiya, ya kai su inda hanya ta ƙare, sannan ya ƙara gaba da su inda ba a taɓa yin ta ba. Motar da aka ba shi jif ce, irin wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja, mai doguwar giya da wata 'yar gajeruwa a gefenta wadda ba a taɓawa sai an shiga laka ko yashi. Da kamfanin ya tashi rufewa aka yi gwanjon motoci, sai Kawu ya sayi tasa. Mutane suka ce ya sayi wahala da hannunsa. Shi kuwa ya ce ai ba saye ya yi ba, fansa ya yi.

Jaruma yake ce mata. Mu sauran dangi Tukunya muke cewa, kuma Allah ya sani ba mu zalunce ta ba.

A laka ba ta da na biyu. Na sha ganin ta tsamo motocin da suka fi ta kyau daga taɓo, masu su suna tsaye suna kakkaɓe riga suna godiya ƙasa-ƙasa. Aibinta ɗaya ne, zafi. Ita kuwa rayuwar gidan Kawu, kamar da gangan, sai aka gina ta a gindin tudu. Matarsa, wadda duk muke kira Iya, tana da yaya guda ɗaya tak a duniya, ita kuma yayar tana zaune a wani ƙauye can kan tudu mai tsawo, wanda hanyarsa take nannaɗewa kamar igiyar guga. Duk ƙarshen wata sai an je gaishe ta. Duk ƙarshen wata kuma sai Tukunya ta tafasa.

Akwai ƙa'idar tafiyar, kowa ya san ta. Da an fara hango tudun Kawu zai daina hira, idonsa ɗaya a hanya, ɗaya a kan 'yar allurar da ke nuna zafin injin. In ta fara rarrafawa sama sai ya yi gyaran murya.

"Kwandasta, a ba ta taimako."

Kwandasta yake kiran Iya, ita kuma ta ce masa Direba, ban taɓa jin sun kira juna da wani suna ba. Taimakon kuwa shi ne hita. Motar an ƙera ta ne don masu sanyi, tana da wani maɓalli da in aka murɗa, zafin injin zai kwararo cikin mota ta ƙarƙashin ƙafafun na gaba. Kawu ya gano cewa in aka kunna shi injin yana samun sassauci, tunda an raba masa kaya. To wa aka raba wa kayan? Iya. Rana tana dukan rufi ta sama, hita tana hura ta ta ƙasa, mu yara muna baya muna narkewa kamar kyandir. Akwai ranar da silifas ɗinta suka yi laushi har suka ɗauki zanen tabarmar motar.

"Ni dai a gidan nan an dafa ni," in ji ta, "gishiri kawai ya rage."

"Yi haƙuri, Kwandasta, saura kwana biyu mu kai sama."

"Kwana biyu na hanya, ko kwana biyu na kwanciya?"

In taimakon bai isa ba, sai a tsaya a gindin wani mangwaro da ke bakin hanya, kafin a kama tudun gadan-gadan. Kawu ba ya kashe mota da zafi, yakan ce wannan kamar ka tsayar da mai gudu ne ka toshe masa hanci. Sai ya bar ta tana numfashi a hankali, ya ɗaga bonet, ya tsaya a gefe ya zura kai yana sauraro. Iya kuma ta sauko da jarkar ruwa ta tsaya a gaban motar daidai hancinta, tana ɗiba da kofi tana yayyafa wa lagireto, wato ragar da ke sanyaya ruwan injin. Fankar injin tana zuƙar iska ta ciki, don haka kullum sai ta fizgi gefen mayafinta ta manna shi a jikin ragar gaba. Iya ta ɓamɓare, ta sake kamawa.

"Sakar mini mayafi, mayya! Shekara da shekaru ina yi miki karen mota ba ko sisi, kayan jikina ma ba za ki bar mini ba?"

Mu kuma muna saman mangwaro, ko na mutane ne ko na Allah ba mu taɓa tambaya ba.

Kada a ɗauka Kawu ya naɗe hannu ya zuba wa ciwon ido. Rabin rayuwarsa a ƙarƙashin rumfar kwanon da ke tsakar gidansa ya yi ta, yana neman maganin zafin nan. Gareji kuwa ba ya zuwa. Ya ce bakanike in ya buɗe maka ciki ɗaya sai ya haifa maka uku. Abokinsa ɗaya ne a harkar, wani mai walda da ke bakin layinsu, wanda suke tsokanar juna tun gashinsu yana baƙi. Shi ne mai liƙe abin da Kawu ya fasa.

Abin da ya bambanta gyaran Kawu da na kowa shi ne, kayan gyaransa a cikin gida yake samo su. Tiyon ban-ruwan shukar Iya ya koma cikin injin. Rariyar kicin ta koma gaban lagireto don tare 'ya'yan ciyawa. Sandar labulen falo ita ke tokare bonet, labulen kuwa aka rataye shi da igiya, har aka saba. Da mashacin Iya yake miƙar da siraran haƙoran lagireto in sun lanƙwashe, ɗaya bayan ɗaya, da haƙurin mai tsince tsakuwa. Har ta kai in Iya ta nemi abu a kicin ta rasa, ba ta tambayar kowa, sai ta je ta ɗaga bonet. Wata rana ta dawo da marfin kwanonta duk baƙin mai, ta ajiye masa a gaba.

"Wannan kuma me ya yi maka?"

"Yana kare batir daga ruwa."

"Abincin da yake karewa daga ƙuda fa?"

"Ƙuda nawa ne, Kwandasta? Ai sai a kore su."

Ya wanke lagireto da sabulu, ya wanke da toka, ya sake fanbel, ya yanka wasu tagogi a jikin bonet don zafi ya sami hanyar fita, har motar ta koma kamar mai gira. Kowane gyara yakan zo da albishir: "Wannan karon an gama da ita." Ƙarshen wata ya zo, a tsaya a gindin mangwaro. Ba wanda yake tuna masa albishir ɗin, sai dai Iya ta ce, "Direba, an gama da wa ka ce?"

Haka shekaru suka tura. Mu da muke narkewa a baya muka girma muka yi tumbi. Babban ɗansu, wanda tun yana rarrafe muke ce masa Manaja saboda son tsara mutane, ya zama manajan gaske, ya sayi mota mai sanyi wadda in ka rufe ƙofarta ba ka jin ko kukan akuya. Ya yi ta lallaɓar iyayensa su riƙa tafiya a cikinta. Kawu ya ce shi bai iya zaman gefe ba, ƙafarsa sai ta yi ta neman birki a inda babu.

Sai wata tafiya da ta zo da abin da ba a so. Tukunya ta tafasa tun kafin a kai mangwaro, a wani fili da ko inuwar kara babu, tiyo ya fashe, ruwa ya ƙare. Suka daɗe a rana su biyu. Iya, wadda dama ƙafafu sun fara ba ta wahala, jiri ya ɗebe ta ta zube a bakin hanya. Wasu masu wucewa ne suka kawo ta gida. Ta farfaɗo, alhamdu lillahi, amma ta yi kwanaki a ɗaki.

Manaja ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa. Bai ɗaga murya ba, shi ya sa abin ya fi ciwo.

"Baba, motar nan ta yi mana komai. Amma jiya ta kusa ɗauke mana Iya. Na yi magana da 'yan gwangwan, za su zo su ɗauka."

'Yan gwangwan su ne masu sayen tsofaffin ƙarafa, su farfasa su auna. 

"Ka ba ni zuwa ƙarshen wata," in ji Kawu. "In ta ƙara tafasa a tudun nan, da hannuna zan ba su makulli."

"Na yarda, Baba. Amma don Allah kada ka fita da ita titi sai ina nan."

"Na yi maka alkawari."

Kawu kuwa in ya yi alkawari, ko da kaza ya yi shi, sai ya cika.

Wannan karon ba gyaran marfin kwano ya yi ba. Ya samo lagireton wata babbar motar kaya, mai kauri kamar katifa, shi da Mai Walda suka yi ta yanke-yanke da liƙe-liƙe har ya zauna a gaban Tukunya. Sai aka ga saboda kaurinsa tsohuwar fankar da fanbel ke juyawa ba ta da wurin zama. Kawu ya ce dama ta isa hutu. Ya cire ta, ya rataye a bango kamar hoton kakansa, ya sayo fanka ta zamani mai aiki da batir. A tarihin gidan nan ita ce abu na farko da aka saya sabo fil don motar, har da kwalinta.

Sai dai wayoyin fankar gajeru ne, ba su kai inda ake so ba. Mai Walda ya ce a aika kasuwa a sayo ja da baƙa.

"Da waya a gidana zan sayi waya?" in ji Kawu.

Ya shiga ɗaki ya yanko wayar wata tsohuwar fitilar gefen gado, doguwa, baƙa, guda biyu manne da juna kamar tagwayen da uwarsu kaɗai ke bambance su. Ya ɗaura ta wannan bakin, ya bi da ita ta ƙarƙashi, ta bayan batir, ta cikin wani rami, ta fito can. Ya dubi bakunan biyu, ya yi bisimilla, ya haɗa. Ya tayar da mota. Fanka ta ɗauka da wani irin gurnani mai daɗin ji.

"Ka ji murya!" in ji Mai Walda. "Wannan ko jirgin sama sai haka."

Tun daga ranar kullum da safe sai Kawu ya tayar da ita a rumfa, ya zauna a kujerar direba ya zuba wa allura ido. Ya taka totur, ya saki, ya bar ta tana aiki har rana ta take. Allura ko gezau. Ya kira maƙwabta su shaida. Ni ma da na je duba Iya sai da ya zaunar da ni na kalli allurar nan kamar mai kallon wasa. Na dai lura kajin gidan, waɗanda da suke kwanciya a gaban motar, sun yi ƙaura zuwa bayan randa, kuma ƙasar wurin fes kamar an share. Na ce a raina tsaftar Kawu ce ta motsa. Iya tana ɗaki, ƙafafu a kan matashi, ba ta fito ta gani ba.

Ranar tafiya Manaja ya ce in shiga motar Kawu in zama shaida, shi zai biyo mu a baya. Na hango sabuwar igiyar jan mota a kujerarsa, ko daga leda ba a cire ta ba. Kawu ma ya gani, ya kau da kai. Ya sa hularsa ta aiki wadda ta koɗe, ya buɗe wa Iya ƙofa. Ita kuma ba ta shiga ba sai da ta ga an ɗora jarkar ruwa.

"Yau ba ruwanmu da jarka, Kwandasta."

"A dai sa ta. Ta saba da tafiyar, kada ta ji haushi."

Muka fita gari lafiya. Muka hau miƙaƙƙiyar hanya, inda Tukunya ba ta taɓa ba kowa kunya ba tun da take. Kawu ya sa babbar giya, har ya fara ba ni labarin wata rijiya da suka haƙa suka tarar da dutse. Bai kai ƙarshen labarin ba ya yi shiru. Na leƙa ta kan kafaɗarsa. Allura ta tashi daga inda take kwana, tana hawa.

Ya ƙara gudu don iska ta shiga. Ta ƙara hawa. Ya rage, ta ɗan dakata. Ya ƙara, ta ci gaba. Abin ya saɓa wa duk abin da ya sani a duniya, domin mota da gudu take shan iska. Ga tudun can ma ba mu kai ba. Na ga gumi yana bin bayan wuyansa, ya duba madubi, motar Manaja tana nan biye da mu kamar mai rakiyar gawa.

Iya ba ta jira a ce mata komai ba, ta kai hannu kan maɓallin hita. Kawu ya riƙe hannun.

"A'a. Yau ba taimako."

"Direba, tana hawa fa."

"Na gani. Duk aikin nan da na yi, don kada a ƙara dafa ki na yi shi. In sai an dafa ki za ta hau, gara 'yan gwangwan su ɗauka."

Iya ta dube shi, ta janye hannunta a hankali. Ni kuwa na sami wani abin kallo ta taga.

Da ƙyar muka kai mangwaro, allura saura ƙiris ta taɓa ja. Kawu ya gangara inuwa, ya bar ta a kunne kamar kullum, ya ɗaga bonet, ya tokare da sandar labule, ya tsaya a gefensa na gado ya zura kai. Manaja ya tsaya a bayanmu ya fito. Wallahi ba murna a fuskarsa, kamar shi ne ya faɗi jarrabawa.

"Baba."

"Ba ta tafasa ba."

"Ba ta tafasa ba, Baba. Amma ko tudun ba mu fara ba."

Kawu ya matsa tiyo, ya duba ko ruwa yana zuba, ya shafa nan, ya ƙwanƙwasa can. Komai daidai. Fanka tana ta gurnaninta. Na leƙa ciki na ce masa allura ta fara sauka. Wannan ya ƙara ɗaure masa kai: a tsaye lafiya, a tafe ciwo. Ya miƙe ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa, har bayan hannun ya fita. Sannan ya dafa motar kamar mai dafa kafaɗar aboki.

"To, Jaruma. Na yi iyakar abin da na sani." Ya juya ga ɗansa. "Kawo igiyar taka."

A nan ne muka ji ƙarar ƙofa. Iya ce ta sauko, tana ɗingishi, tana jan jarka. Manaja ya ce, "Iya, don Allah ki zauna," ta ce masa, "Matsa, tun ba a haife ka ba nake wannan aikin." Ta je ta tsaya a wurinta, daidai hancin motar, ta cika kofi ta watsa wa lagireto.

Ruwan ya dawo mata a fuska.

Ta goge ido, ta ƙara watsawa. Ya ƙara dawowa. Mayafinta kuwa ya tashi ta baya yana kaɗawa kamar tuta, har sai da ta dafe shi a kafaɗa.

"Direba, me ka gaya wa motar nan a kaina?"

"Me kuma ya faru?"

"Tun ina amarya take cin mayafina. Yau tofar da shi take yi. Ko ruwan da na ba ta ta ƙi karɓa."

Kawu ya zagayo. Ina jin rabonsa da ya tsaya a gaban motar nan tana kunne tun kafin ya yi aure, domin gefe ne wurinsa, gaba na Kwandasta ne. Ya cire hularsa ya kai ta kusa da raga. Iska mai zafi ta ture ta. Ya tsaya baki buɗe.

Ashe fankar batir in ka juya mata wayoyi ba ta ƙin aiki, sai dai ta juya da baya. Maimakon ta zuƙo iskar waje ta ratsa lagireto, hura ta take yi waje. A rumfa, inda ba wata iska mai zuwa, hakan ma yana sanyaya injin, shi ya sa allura ta yi ta yi masa ladabi, kaji kuma suka yi hijira. A kan hanya kuwa iskar gudu tana turowa ta gaba, fanka tana turawa ta baya, suka yi ta kokawa a bakin ƙofa ba mai shiga ba mai fita.

"Tagwayen nan ne," in ji Kawu. "Wayar fitila."

"Wace fitila?" in ji Iya. "Tawa ta gefen gado? Ni da nake cewa ɓera ne!"

Dariya ta kama Kawu har ya zauna a kan bamba, yana yi yana share ido da hula, ban san ko duka na dariya ba ne. Da injin ya huce ya kashe. Ya ce a miƙo masa filaya. Manaja ne ya miƙa, da farar rigarsa, ya kuma sunkuya ya riƙe masa waya ɗaya yayin da yake kwance ɗayar, har hannun rigar ya sha baƙin mai.

"Riƙe da kyau, Manaja, wannan ba biro ba ne."

"Na riƙe, Baba."

Aka musanya bakunan, aka naɗe. Kawu ya shiga ya tayar. Ba wanda ya kalli allura, duk Iya muka zuba wa ido. Ta gyara tsayuwa, ta saki gefen mayafinta. Ya yi ɗan lilo, sai caraf, ya manne a jikin raga.

"Yawwa, mayya," ta ce. "Kin dawo hayyacinki."

Muka kama tudun. Kwana na farko, na biyu, wurin da ta saba tafasa, wurin da muka taɓa tura ta da damina. Allura tana tsakiya kamar an kafe ta da ƙusa. Kafaɗun Kawu kuwa sun koma na saurayi. Muna tsakiyar hawa sai na ji wani zafi da na sani tun ina yaro yana lasar ƙafafuna. Iya ta murɗa hita har ƙarshe.

"Kwandasta! Ba ta buƙata fa!"

"Wa ya ce don ita na kunna? Don ƙafafuna ne." Ta zare silifas ta miƙe su a bakin hurin, ta lumshe ido. "Duk man shafawar da yaran nan suke kawo mini, babu wanda yake shiga ƙashi kamar wannan. Wata guda nake jiran tudun nan."

"To duk ƙorafin da kika yi mini shekara da shekaru fa?"

"Lokacin ƙafafun yarinya gare ni. Ko kai kaɗai aka ba izinin tsufa?"

Ni dai a baya na narke kamar da, sai dai yanzu abin narkewar ya fi yawa.

Da muka isa, yayar Iya ta fito tana dogara sanda, ta dubi rana, ta dube mu. "Lafiya kuka iso da wuri haka? Ko abinci ban ɗora ba." Manaja ya iso bayanmu. Ya ɗauko igiyar nan a ledarta, ya buɗe bayan Tukunya ya ajiye kusa da jarka.

"Ta zauna a nan, Baba. In damina ta zo, wataƙila ni za a ja."

"Sai dai ka biya kwandasta," in ji Iya.

Kawu ya ƙara wasu shekaru yana kai matarsa kan tudu da kansa, duk ƙarshen wata, hita a kunne, shi yana gumi ita tana gyangyaɗi. A mangwaro sukan tsaya wani lokaci, ba don komai ba, sai don a gaisa. Da Allah ya karɓi ran Kawu, ba a daɗe da share makoki ba 'yan gwangwan suka zo ƙofar gida da sallamarsu mai laushi. Manaja ne ya fita. Ban san abin da ya gaya musu ba, amma ba su ƙara biyowa ta layin ba.

Tukunya tana nan a rumfa har yau, sandar labule a cikinta, tsohuwar fanka a bango. Duk ƙarshen mako Manaja yakan zo da safe, ya naɗe hannun riga, ya duba ruwa da mai, ya tayar da ita. Iya ta fito a hankali, ta shiga kujerarta, ta zare silifas, ta murɗa maɓallin. Amma ba ta bin hanyar da ta fi kusa da ƙofar. Sai ta zagaya ta gaba, ta ɗan tsaya daidai hancin motar, har sai an kama mata mayafi.

"Sakar mini, mayya," takan ce. Ba ta dai saurin ɓamɓarewa kamar da.